Wankan da Badaruddeen Ya Yi wa Sabon Inji

A duk Bracodi, wata unguwa a Adjamé cikin birnin Abidjan, daga bakin tasha har layin masu sayar da waya, babu wanda bai san Badaruddeen ba, babu kuma wanda ya taɓa ganin ya gyara ko da makunnin fitila. Amma Injiniya ake kiransa. Shi ya raɗa wa kansa sunan, mutane suka ga ba asarar da za su yi, suka bi shi da shi. Asalin ilimin nasa kuwa, wata takwas ya yi yana riƙe wa wani ɗan kasuwa takardu a tashar jiragen ruwa, yana tsaye a inuwa ana sauke akwatuna. Tun daga nan, duk injin da ya shigo Abidjan, in dai daga bakinsa za ka ji, ta hannunsa ya wuce.

"Na Jamus ne ko na Sin, ni da jin ƙararsa na san ciwonsa," haka yake faɗa a majalisar shayi kullum, yana kaɗa ƙafa.

Gaskiyar magana, shekara biyu ke nan Injiniya ba shi da aikin fari balle na baƙi. Matarsa Iklima ce ke riƙe da gidan, da dege, wato dambun gero da nono, da take damawa tana ƙullawa a leda. Ita haihuwar Treichville ce, iyayenta mutanen Maraɗi, kuma tana da ƙanen uba, Baba Harouna, kafinta ne da ya shekara talatin a shagonsa kusa da tashar kwalekwalen lagun, tafkin gishirin nan da ya raba birnin biyu. Da ta ji tsohon ya yi odar sabon inji daga waje, sau uku tana tsallaka gada ta durƙusa gabansa. A na ukun ya gaji, ya ce to, ta turo mijin nata a gwada shi.

Ranar Talata da hantsi Badaruddeen ya dira Treichville cikin farin kaftani, da biro biyu a aljihun gaba. Ya tarar an fasa akwatin. Injin gyaran katako ne, wanda kafintocin Abidjan ke kira rabotez: ka tura masa katako mai kaushi ta nan, ya fito ta can sumul. Sai dai daga teburin ƙarfensa har wuƙaƙen ciki, ko'ina a lulluɓe yake da wani maiƙo ruwan ƙasa, mai kauri da danƙo.

Badaruddeen ya zagaya shi sau biyu, ya riƙe haɓa, ya girgiza kai.

"Baba, an cuce ka. Tsohon inji ne. Dubi dauɗa!"

"Sabo ne fil, Malam Badaru," in ji Baba Harouna, bai ko ɗaga murya ba. "Wannan giris ne, masu ƙera shi ke shafawa don kada tsatsa ta ci ƙarfen a teku."

"Ai abin da nake nufi ke nan. Gwada ka nake."

Tsohon ya dube shi, ya dubi ƙasa, ya tuna Iklima. Ya jawo galan ɗaya da tsummokara da wani ɗan gwangwani ya ajiye.

"Zan tafi Adzopé ɗauko katako, sai Juma'a bayan masallaci. Ga kalanzir, ga tsumma. Ka riƙa jiƙawa kana gogewa a hankali har giris ɗin ya fita, sannan ka shafe teburin da wannan kakin. Ruwa kuwa, kada ka kuskura ya..."

"Haba Baba! Ɗan Kano za ka koya wa rini?"

Baba Harouna ya haɗiye sauran maganarsa. Ya ciro mabuɗin shagon ya ɗora masa a tafin hannu. "In na dawo na same shi tsaf, mabuɗin nan ya zauna wurinka, kai ne mai tuƙa injin, da albashinka duk wata. In na samu wani abu daban, sai Iklima ta yi haƙuri."

Tsoho na bacewa a kwana, Badaruddeen ya jiƙa tsumma ya fara. Minti goma yana gurza, abin da ya fita bai fi faɗin tafin hannu ba, hannun kaftanin kuwa ya riga ya koma ruwan ƙasa. Ya yi tsaki, ya shuri galan ɗin ya koma ƙarƙashin benci.

Daura da shagon akwai rumfar Rabilu mai garba, wanda ke tsaye tun safe yana soya kifin tuna yana zuba wa mutane a kan aceke, wato dambun rogo. Rabilu mutum ne da ba ya barin abin kallo ya wuce shi.

"Injiniya, har an gaji?"

"Wa ya gaji? Wannan aikin tsofaffi ne, Rabilu. Kananzir ai na fitilar ƙauye ne. Mu da muka yi aiki da Turawa, awa ɗaya ta ishe mu."

"Wane Baturen?"

"Ba ka san shi ba, ya koma."

Ya zaro waya ya kira Ɗan'azumi mai wankin mota, ya ce ya zo da injin feshin ruwansa. Ɗan'azumi ya iso, ya leƙa, ya sosa ƙeya.

"Injiniya, wannan fa ba mota ba ce."

"Mota da inji uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Kai dai fesa."

Allah ya taimaki Baba Harouna ta wuri ɗaya: Ɗan'azumi ya saba naɗe wayoyin mota da leda kafin wanki, sai ya naɗe motar injin da makunninsa ruf. Sannan ya saki ruwa. Giris ko gezau. Ruwan ya bugi teburin ya dawo gaba ɗaya a ƙirjin Injiniya, biro ɗaya ya fashe, shuɗiyar tawada ta gangaro har ciki. Masu cin garba suka juyo da bencinsu don su gani da kyau.

"Ruwan sanyi ne matsalar," in ji Badaruddeen yana tsiyaya. "Na sani, so nake ku gani da idonku."

Aka ɗora tukunya a murhun Rabilu. Aka sayo sabulun kabakuru, irin mai ƙarfin nan da ke cin hannun masu wanki, da soson ƙarfe guda shida. Tafasasshen ruwa, sabulu, gurza, feshi, a sake. Kumfa ta malale har titi, wata mata mai tallan ayaba ta zame ta zauna daɓas, ta tashi ta wanke su tas da Julanci. Amma wallahi kafin la'asar giris ya tafi. Teburin ya fito fari ƙal yana ɗaukar ido, har Badaruddeen ya sunkuya ya gyara hularsa a ciki.

"Kun gani? Kowa ya ci tuwo da ni miya ya sha!"

Da ya tsaya nan, da abin ya zo da sauƙi. Ina! Nan take ya tsaya gefen injin aka ɗauke shi hoto, ya tura wa 'yan majalisar Bracodi, ya bi da saƙon murya: ranar Juma'a bayan masallaci za a buɗe sabon inji a Treichville ƙarƙashin jagorancin Injiniya Badaruddeen, kowa ya zo, kuma kowa ya sa fararen kaya saboda hoto. Ya kulle shago a kan jiƙaƙƙen ƙarfe, ya hau tasin haɗaka da ake kira woro-woro yana fito.

Wanda ya zauna bakin lagun ya san iskar wurin. Gishiri ne da laima, ko ƙusa ka yar a ƙasa, kwana biyu ta sauya kala. To balle ɗanyen ƙarfe da aka tuɓe wa riga aka yi masa wanka.

Laraba da safe Badaruddeen ya buɗe shago da bismillah, ya tsaya cak. Teburin jiya mai ɗaukar ido ya koma ja jawur, tun daga wannan baki har wancan. Ya rufe ƙofar, ya sake buɗewa. Yana nan yadda yake.

Rabilu ya leƙo ta kafaɗarsa, da matsami a hannu. "Sannu! Injiniya, lalle ka ƙunsa masa?"

"Wannan kala ta biyu ce. Sai ta fito kafin ta ainihin."

"To. Ni dai a garinmu tsatsa muke ce mata."

"Shi ya sa kake soya kifi."

Da baki kawai ya faɗi haka. Ya zagaya bayan shago ya kira Iklima.

"Iklima, wani abokina ne ke tambaya. In tukunyar ƙarfe ta yi tsatsa, da me kuke fitarwa?"

Ta ce, "Baban Firdausi, abokin nan naka, a shagon Baba yake?"

"Ke dai ba ni amsa, kuɗin waya na tafiya."

"Lemon tsami da toka. Amma don girman Allah..."

Ya kashe wayar. Ya shiga kasuwa ya sayo lemon tsami cikin roba, ya kwashe tokar murhun Rabilu, ya tuɓe riga ya rage daga shi sai singileti. Wuni guda yana matsa lemo yana gurza. Sabulun jiya ya riga ya tsattsaga masa yatsu, lemon ya shiga ciki, yana gurza yana rawa yana karanta duk addu'ar da ta zo bakinsa. Masu wucewa zuwa tashar kwalekwale suna tsayawa su tambayi Rabilu ko sabon mai sayar da lemo aka samu. Da yamma tsatsa ta fita. Injiniya ya yi murmushi, ya ɗebo bokiti biyu ya ɗauraye toka da lemon tas, ya kulle ya tafi.

Alhamis da safe, abin da ya gani ya fi na jiya muni. Jan ya dawo da 'yan rakiya: baƙaƙen tabo nan da can, inda lemon ya kwana. An gudu ba a tsira ba.

Wannan karon bai ce kala ta uku ba ce. Ya zauna a bencin Rabilu. Tsoro ya kama shi na gaske. Ba tsohon yake ji ba, Iklima yake ji, da sawu ukun da ta yi tana durƙusawa saboda shi, da yadda ta gaya wa maƙwabta da fara'a cewa maigidanta ya samu aiki.

Rabilu ya tura masa faranti. "Ci, yau kyauta. Ka kira tsohon nan ka gaya masa gaskiya, tun ana iya gyarawa."

"In kira shi in ce me? Injiniya guda?"

Ya kai loma biyu, idonsa ya sauka kan kaskon suya, wani ƙaton baƙin kasko da kifi ke iyo a ciki. Ya daina tauna.

"Rabilu, kaskon nan shekararsa nawa?"

"Sha ɗaya."

"A nan bakin ruwa?"

"A nan."

"Bai taɓa tsatsa ba?"

"Ta ina? Kullum cikin mai yake."

Badaruddeen ya miƙe tsaye har faranti ya kife. "Abin da nake shirin yi ke nan tun shekaranjiya! Jira nake ƙarfen ya buɗe ƙofofinsa. Kawo mai."

"In sabo kake so, ga shago can."

"Sabon mai ai ɗanye ne, bai san komai ba. Wanda ya sha wuta nake so."

Rabilu ya ɗaga kafaɗa, ya jawo jarkar da yake tara tsohon mai, wanda ya soya tuna mako guda har ya koma baƙi kamar kwalta. Badaruddeen ya bi teburin da samfefa sama-sama, sannan ya tuttula. Bai yi rowa ba. Ya shafe tebur, ya ɗura a wuƙaƙe, ya cika robobin da ke jan katako, har ƙafafun injin sai da suka samu rabonsu, ragowar ta kwanta a ƙasa. Kuma ka ga ikon Allah, ja da baƙin tabo duk suka ɓace ƙarƙashin wani baƙin sheƙi. Ya ja baya ya duba, ya ji kansa ya dawo daidai. Ya lulluɓe injin da tamfol, ya kulle.

Shi da ya wuni cikin abin, hancinsa ya riga ya mutu. A woro-woro fasinjoji suka yi ta leƙa ƙarƙashin kujera suna neman wanda ya shigo da kifi. Da ya isa gida Iklima ta tare shi a ƙofa, ta ja da baya.

"Baban Firdausi, kai ka ci garba ko garba ta ci ka?"

"Gobe za ki ga aiki. Ki sa kayanki masu kyau."

Juma'a ana sallamewa, mutanen Bracodi suka fara sauka a ƙofar shagon, mota bayan mota. Sun haura arba'in, kowa cikin farar shadda mai sitati, wasu don zumunci, mafi yawa don su ga yau dai da idonsu abin da Injiniya ya iya. Iklima ta zo da kular dege tana rabawa, tana murmushin dole. Abin da ya ɗaure wa jama'a kai, sun tarar an riga su: kyanwoyi bakwai zaune a jere a bakin ƙofa, sun ƙura wa kwaɗon ido.

"Su ma gayyatarsu ka yi?" wani ya tambaya.

"Alamar albarka ce," in ji Badaruddeen, yana korarsu da ƙafa. Suka matsa taku biyu suka sake zama.

Ana haka motar katako ta tsaya, Baba Harouna ya sauko. Tare da shi akwai Hajiya Ummul-Khairi mai turare, ta babbar kasuwar Treichville, wadda ta ba shi aikin sababbin kantocin shagonta, ta kuma ce da idonta za ta ga an gyara katakon farko. Tsohon ya ga taro, ya ga kyanwoyi, ya nufi ƙofar shagon.

Badaruddeen ya ɗaga mabuɗi sama kowa ya gani, ya buɗe. Shagon rufin kwano ne, ya kwana ya wuni a rufe cikin zafi. Abin da ya fito daga ciki ya bugi sahun gaba sai da suka ja da baya. Hajiya ta kai gyale hanci.

"Innalillahi! Malam Harouna, mene ne ya mutu a nan?"

"Hajiya, warin sabon inji ne," Badaruddeen ya tare. "Ta jirgin ruwa ya zo, wata biyu a teku. Dole ya ɗauko warin teku."

"Tekun soyawa aka yi?"

Dariya ta fara tashi daga baya. Ya yi kamar bai ji ba, ya shiga ya tsaya gefen tamfol, ya yi gyaran murya. Ya gode wa Allah, ya gode wa surukinsa, ya ba da tarihin injunan da suka bi ta hannunsa, ya ce wannan kam ƙaramin alhaki ne. Ya umarci manya su matso gaba saboda hoto. Sannan ya kama bakin tamfol ya fizge.

Wani ƙaton muzuru da ya shigo ta rufi ya ɗago daga kan teburin, gashin bakinsa na ɗigar mai, ya dubi taron, ya ci gaba da lasa. Tururuwa kuwa ta yi layi uku daga ƙasa har sama, masu hawa daban masu sauka daban.

Baba Harouna ya tako a hankali, ya miƙa yatsa zai shafi teburin. Badaruddeen ya san in yatsan nan ya sauka an gama. Ya yi wuf ya kori muzurun, ya sha gaban tsohon.

"Baba, inji ba a gane shi da yatsa, sai da aiki!"

"Kada ka kunna..."

Ya danna.

Injin lafiyayye ne, Allah ya sani. Ya ɗauka da wata irin ƙara mai daɗi, wuƙaƙen suka juya, duk man da aka ɗura musu suka watso shi waje. Feshi ya tashi baƙi ƙirin ya sauka a kan sahun gaba, daga hula har takalmi. Manyan da aka matso da su saboda hoto suka koma dabbare-dabbare kamar zabi. Salati ya kaure, masu gudu suka haɗu da masu leƙe a bakin ƙofa, kyanwoyi bakwai suka samu hanya ta tsakanin ƙafafu suka shige.

"Yana fitar da na gwaji ne! Yanzu zai daidaita!" Badaruddeen ke ihu. Ya sungumi farin katakon Hajiya ya cusa a bakin injin. Robobin da ya kamata su ja shi sun sha mai, sai suka yi ta sulɓi a kansa, katako ya tsaya ƙyam. Ya tura da hannu, bai motsa ba. Ya sa tumbi ya danna da ƙarfinsa duka. Ƙafafunsa biyu suka bar ƙasa a tare, ya tafi da baya ya faɗa cikin tarin garin katako, ya nutse.

Baba Harouna ya kai hannu bango ya kashe wuta. Shagon ya yi tsit, ba ka jin komai sai lasar kyanwoyi.

Injiniya ya taso. Mai a ƙasa, gari a sama, ido biyu kawai ake gani. Rabilu da ke leƙe ta taga ya ce, "An gama barbaɗa shi, saura a jefa a kasko."

Nan fa dariya ta ɓarke, har waɗanda aka ɓata wa kaya suna riƙe ciki. Hajiya Ummul-Khairi ta zaro katakonta da yatsu biyu, ta shinshina, ta ce ko turaren shagonta duka aka juye masa, duk wanda ya saya zai tafi gida yana warin tuna.

Tsohon bai yi dariya ba. Ya ɗauki tsumma ya share tsakiyar teburin sau ɗaya. Ja da baƙin tabo suka leƙo.

"Ruwa ka sa masa?"

"Baba, a kimiyyance..."

"Ni dai feshi aka ce in yi," in ji Ɗan'azumi daga cikin taro, "kuma na naɗe motar da leda."

"Ni dai tukunya aka tambaye ni," in ji Iklima, murya ƙasa-ƙasa.

"Ni dai nawa mai ne," in ji Rabilu, "kuma na ce a sayi sabo."

Baba Harouna ya shafa teburin da tafin hannu, ya daɗe. "Bai ci ciki ba. Kwana uku zan yi ina gurza, zai dawo." Sannan ya buɗe hannun ya miƙa wa Badaruddeen. "Mabuɗi."

A nan ne dariyar ta mutu. Badaruddeen ya lalubo mabuɗin a aljihu, ya ɗora masa a hannu. Ya waiga wajen Iklima. Ta sunkuyar da kai tana ta gyara murfin kular da ba abin da ya same shi, hawaye na ɗiga a kai. Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba. Karon farko tun da Bracodi ta san shi, ya buɗe baki bai samu abin faɗa ba.

Sai ga Alhaji Nu'uman, babban ɗan kasuwar Adjamé, wanda ya fi kowa shan feshi, yana goge gilashinsa yana nuna wata ƙofa da ke jingine a bango.

"Malam kafinta, wannan ƙofar aikinka ce? Ashe akwai irin wannan hannu a nan ban sani ba? Guda shida nake nema."

Wani ya ce shi ma teburin can ya yi masa. Wani ya tambayi ko ana yin gadon yara. Baba Harouna ya amsa musu ɗaya bayan ɗaya, sannan ya tsaya ya ƙare wa taron kallo, ya dubi surukinsa, ya dubi 'yar ɗan'uwansa. Ya ciro allin da yake zana katako daga bayan kunne, ya sunkuya ya ja layi a bakin ƙofa daga wannan bango zuwa wancan.

"Malam Badaru, fita." Ya fita. "Shekara talatin ina nan, mutum biyar daga Adjamé ba su taɓa tsallako gada don ni ba. Kai da baki kawai ka kawo arba'in. To daga gobe aikinka ke nan: ka tsaya can, ka kira masu saye, ka faɗi duk abin da ka ga dama, albashinka na nan. Amma ranar da ƙafarka ta tsallako layin nan, ko inuwarka ta taɓa injina, ka koma Bracodi. Kayan mutanen nan kuma kai za ka wanke, katakon Hajiya a albashinka na farko."

"Baba, na gode. Allah ya ƙara girma." Ya durƙusa har ƙasa, gari na zuba daga hularsa.

Da ya miƙe, ya kakkaɓe kafaɗa, ya gyara biron da ya rage, ya matsa kusa da matarsa. Murya ta fara dawo masa.

"Kin ji ko? Shugaban sashen hulɗa da manyan 'yan kasuwa. Dama can inji ya yi mini ƙanƙanta."

Iklima ta share ido da bakin mayafi, dariya na neman ƙwace mata. Ta dubi ƙasa.

"Na ji, Baban Firdausi. Matsa baya, ka taka layi."